Ranar da ƙarfe ya shiga hannunka, magana ta bar zango

Assalamu alaikum ƙannena, samarin Nima da Mamobi, da na Sabon Zongo, Fadama, Madina, har Ashaiman.

Akwai wata magana da ta kama bakin yaranmu, wadda a ganina ta fi tiramol tura mutane kurkukun Nsawam: "Ba komai, manya za su je su roƙa." Yaro ya sari ɗan'uwansa da adda, ya koma bes, wato majalisar samari, ya zauna ana zuba masa ataya, hankalinsa kwance. A lissafinsa, gobe kawunsa zai ɗauki liman da mai unguwa su je gidan wanda aka sara da goro, a biya kuɗin asibiti, a yi fatiha, a watse. Wannan lissafin yana ci a faɗan baki da na mari. Amma da zarar makami ya shiga ciki, dokar Ghana ba ta san da shi ba, kuma gara ku ji haka tun kuna waje.

Dokar laifuffuka ta ƙasar nan, wadda lauyoyi ke kira Act 29, tun 1960 take aiki, kuma hawa-hawa ta jera laifin taɓa jikin mutum. In ka mari mutum ko ka shaƙe masa wuyan riga, ƙaramin laifi ne, iyakarsa ɗaurin shekara 3. In ka ji masa rauni da gangan, sashe na 69 ya kama ka, ka shiga sahun manyan laifuffuka mataki na biyu, ana iya ba ka har shekara 10. In kuwa da makami ka ji masa raunin, sashe na 70 ne, babban laifi mataki na farko, wanda ƙarshen hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Ba ina cewa duk wanda ya yanki mutum a hannu zai mutu a kurkuku ba. Alƙali yana duba girman raunin, da shekarun mai laifi, da ko wannan ne karonsa na farko. Abin da nake so ku gane shi ne, tsakanin naushi da wuƙa, doka ta ɗaga rufin hukuncin daga shekara 3 zuwa iyakar rayuwarka, alhali a hannunka bambancin bai wuce cusa hannu a aljihu ba.

Kar kuma wani ya ce ai shi ba ya riƙe bindiga. Makami a wurin doka shi ne duk abin da aka ƙera don cutar da mutum, ko aka gyara shi don haka, ko kuma mai riƙe da shi ya ɗauko shi da wannan niyyar. Almakashin tela makami ne in ka fito da shi don wani. Haka fasasshiyar kwalba, da sukundireba, da sarƙar babur, da katakon da aka kafa wa ƙusa, da wuƙar mai tsire. Ko ba ka taɓa kowa ba, yawo da irin wannan a bainar jama'a ba tare da hujja ba laifi ne a sashe na 206, kuma kai ne za ka gamsar da kotu dalilin da ya sa kake ɗauke da shi. Bindiga ko harsashi ba lasin kuwa, wannan tun kafin ka harba ka riga ka shiga mataki na farko. Har cika bakin nan da kuke yi a saƙon murya na WhatsApp, "wallahi sai na kashe ka", sashe na 75 ya sa shi cikin laifin da ke kai mutum shekara 10, ga shi kai da kanka ka naɗi shaidar ka aika.

Mu dawo kan maganar roƙo, don nan ne ake yaudarar kai. Gaskiya ne dokar kotuna ta 1993 ta ba alƙali damar ya bari a je gida a sasanta. Amma ta ɗaure abin da sharaɗi: sai in laifin ƙarami ne, bai kai sahun manya ba, kuma ba a yi shi da muni ba. Saran adda ba ya cikin wannan. In ka duba takardar tuhuma, ba za ka ga an rubuta wane ya kai ƙarar wane ba. Jamhuriya ce take ƙararka. Wanda ka sara shaida ne kawai. Zai iya yafe maka tsakaninsa da Allah, uwarsa ta rungume uwarka su yi kuka tare, amma ba shi da ikon rufe fayil. Wannan ikon yana hannun Antoni Janar, kuma Antoni Janar ba ya zuwa suna ko ɗaurin aure a layinku.

Na san abin da wani zai ce: ai mun ga waɗanda suka yi sara suka dawo gida bayan sati biyu. Haka ne, mun gani. Wani lokaci shaidu su ƙi zuwa kotu, a yi ta ɗage zama har shari'ar ta mutu. Wani lokaci maganar ba ta ma kai ofishin 'yan sanda ba. Amma wannan caca ce, kuma zamanin da ake cin ta yana wucewa. Da, in an yi faɗa a lungu, mutanen lungu ne kaɗai suka gani, kowa ya kama bakinsa. Yanzu kafin jini ya bushe bidiyo ya kai Kumasi da Tamale. Ku tuna watan Janairun 2022, lokacin da ƙungiyoyi biyu suka gwabza a titin Nima da Mamobi da rana tsaka, da adduna da harbin bindiga, masu shaguna suna ja da ƙofofinsu. Ƙasa gaba ɗaya ta kalli abin a waya. Da 'yan sanda suka zo kame ba su tsaya jiran wani ya kawo ƙara ba, fuskoki suna nan a bidiyo. Sunan unguwa kuma ya ƙara ɓaci, har yaron kirki da bai san hawa ba bai san sauka ba ya je neman aiki a ce masa daga ina, ya ce Nima, a ɗaga kai a sake kallonsa.

Sai batun waya, wanda shi ya fi cinye mana yara. Da yawanku kuna ɗaukar fizgen waya a matsayin sata. In ka zare ta daga aljihun mutum bai sani ba, sata ce. Amma in ka ture shi, ko ka tsorata shi, ko ka ɗaga riga ya ga ƙotar wuƙa, sunan abin fashi. Tun gyaran da aka yi wa dokar a 2003, mafi ƙarancin hukuncin fashi shekara 10 ne, in da makami shekara 15. Ku lura, mafi ƙaranci na ce. Ko alƙali ya ji tausayinka, ko lauyanka ya yi magana har kotu ta yi tsit, ko an dawo da wayar ba ko ƙwarzane, ba shi da ikon sauka ƙasa da haka. Wayar da in ka kai kasuwar wayoyi ta Circle ba za a ba ka abin da zai riƙe ka wata guda ba. Yaro ɗan shekara 19 ya shiga, a takarda sai yana 34 zai fito. A 2022 an kawo dokar da ta ba wanda ake tuhuma damar ya amsa laifi a yi masa sassauci, amma an cire fashi da kisa da yunƙurin kisa da fyaɗe da satar mutane daga cikinta. Wannan ƙofar ma a rufe take.

Kai kuma mai okada da kake cewa ai ni tuƙi kawai na yi, da kai da ke tsaye a bakin lungu kana duba hanya, da kai da ka ba da aron wuƙar ka koma ka kwanta: doka tana da sashen haɗa baki da na taimaka wa mai laifi, kuma in an aikata laifin, hukuncinku ɗaya da wanda ya riƙe makamin. A kotu za ka ji ana kiran mutane da lamba, wanda ake tuhuma na ɗaya, na biyu, na uku. Sau da yawa na ɗayan ma ya tsere, na biyu da na uku ne ke tsaye a akwati. Manyanku za su tuna Ataa Ayi, ɗan fashin da ya addabi Accra har aka kama shi a 2005, aka tara masa shekara 160. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikin waɗanda guguwarsa ta kwasa har da wani makanike da ya shafe sama da shekara 20 a tsare kafin kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2025. Mutumin da daga ƙarshe aka ce ba shi da laifi ke nan. To ina ga kai da ka san abin da aka fita yi?

In kuwa wanda aka soka ya cika, an shiga wani babi. Wuƙa ba ta san niyyarka ba. Kai ka ce tsorata shi za ka yi, ka soke shi a cinya, ashe akwai babbar jijiyar jini a wurin, kafin a samu tasi zuwa asibiti ya tafi. Shari'ar kisa a Babbar Kotu ake yin ta, gaban masu taya alƙali yanke hukunci su bakwai, kuma takan ɗauki shekaru kana tsare. A watan Yulin 2023 majalisa ta soke hukuncin kisa a kan irin waɗannan laifuffuka, ɗan majalisar Madina, Francis-Xavier Sosu, shi ya kawo ƙudurin. Na ji wasu yara suna murna wai yanzu ba a kashe kowa. Abin da aka sa a madadinsa ɗaurin rai da rai ne, ku je ku tambayi wanda ke ciki ko ya ga abin murna.

Wannan ya shafi har masu bin ihun "ɓarawo". Mun saba, da an yi ihu kowa ya fito, wani da bulo, wani da taɓarya, wani da tsohuwar taya, kowa yana ganin cikin taro ba a gane kowa. A watan Mayun 2017 haka aka yi wa Manjo Maxwell Mahama a Denkyira Obuasi, soja ne ya fito motsa jiki aka ce ɗan fashi ne. Bidiyon da mutanen garin suka ɗauka da hannunsu shi ya zama shaida a kansu. A Janairun 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai. Ko da a ce ɓarawon gaske ne, jifan da ka yi masa da bulo kisa ne a wurin doka, ba taimakon unguwa ba.

Ban so in yi dogon zance a kan 'yan siyasa, amma dole in taɓa. Duk shekarar zaɓe sai a tuna da zango. A zo da mota mai baƙin gilashi, a kira masu ƙirji, a raba riguna da 'yan sidi, a ce ku ne jami'an tsaronmu. Bayan tashin hankalin da aka yi a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairun 2019, aka kafa kwamitin bincike na Emile Short, aka kuma yi dokar hana 'yan bangar siyasa a shekarar, Act 999. Shiga irin wannan ƙungiya shekara 10 zuwa 15 ne, in da makami 15 zuwa 25. Dokar ta haɗa har da masu gadin fili, waɗanda ake ɗauka a kai su Kasoa ko Amasaman su kori magina da adda. Wanda ya aike ku 'ya'yansa suna karatu a Ingila ko Amurka. Ran da aka kama ka, ka kira lambarsa ka ji ko za ta shiga. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Yanzu bari in gaya muku yadda abin yake tun daga ranar farko, don a fim ba a nuna wannan. A kantar ofishin 'yan sanda za a ce ka cire bel, ka cire igiyar wando, ka ajiye waya da zobe, ɗan sanda ya rubuta su a littafi. Tsarin mulki ya ce cikin awa 48 a kai ka kotu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 babu laifin da aka haramta beli a kansa, amma ba da beli daban, cika sharuɗɗansa daban. Alƙali zai ce a kawo masu tsaya maka biyu ko uku, wani lokaci ya ce ɗaya ya zama ma'aikacin gwamnati, ko ya kawo takardar fili ko ta gida. A zangonmu gida nawa ne ke da takarda a hannun mutum ɗaya? Gidan gado ne, magada goma sha, rabinsu suna Lagos ko Jamus. Sai ka ga an ba yaro beli amma yana tsare wata da watanni.

Ku je harabar kotu da safe ku ga iyaye mata. Za ka gane su daga nesa: mayafi, carbi, leda da ruwan sanyi, sun zo tun kafin a buɗe ƙofa. Hajiya ta bar tukunyar wake da shinkafarta a hannun 'yar maƙwabta, ta biya kuɗin mota, ta zauna a benci har azahar. Motar fursuna ta iso, ta miƙe tana leƙen ɗanta cikin masu ankwa bibbiyu. A kira shari'ar, mai gabatar da ƙara ya tashi ya ce ɗan sanda mai bincike bai zo ba, ko ana jiran shawara daga ofishin Antoni Janar. Minti biyu ba a yi ba an ɗage zuwa wata mai zuwa. Ba ta ji Turancin ba ma, sai ta kama rigar wani a waje ta ce, "Ɗana, me suka ce?" Kuɗin adashinta ya tafi wurin lauya, daga nan zannuwan cikin akwati, daga nan injin ɗinkin ƙanwarka. Irin wannan tsarewar ta jiran shari'a ce ta yi yawa har aka ƙirƙiro shirin Justice for All a 2007, alƙalai suna shiga kurkuku suna zama, saboda an tarar da mutanen da suka shekara da shekaru ba a ko yanke musu hukunci ba.

Nsawam kuwa an gina ta ne don 'yan ɗaruruwa, yau dubbai ne a ciki. An shafe sama da shekara 10 kuɗin abincin fursuna a yini yana sidi 1 da pesewa 80, safe da rana da dare, kafin a ƙara shi. Shi ya sa ranar ziyara za ka ga mata a layi da garin rogo da suga da shito da sabulu, ana buɗe kowace leda ana caccaka. Shekarar farko abokan bes za su zo sau ɗaya ko biyu. Bayan nan uwa ce kaɗai, ran da ƙafa ta gaza kuma shi ke nan. Masu dogon wa'adi a kan kai su kurkukun Ankaful, can wajen Cape Coast, inda kuɗin motar zuwa kaɗai ya isa ya rage ziyara. Yarinyar da aka yi faɗan dominta kuwa, kar ma mu tsaya a kanta.

In ka fito ma ba a gama ba. Aikin soja, ɗan sanda, shige da fice, kwastan, duk sai wanda ba a taɓa ɗaurewa ba. Tafiya waje da kuke mafarki, da aikin gadi a kamfani, sau da yawa sai an nemi takardar shaidar hali daga hedikwatar masu binciken laifi, inda aka ajiye zanen yatsunka tun ranar da aka kama ka.

Akwai uzurori uku da nake yawan ji. Na farko, "shi ya zagi uwata". Zagin uwa yana da zafi, babu mai musu, amma tsokana ba ta wanke mutum a kotu. Iyakar abin da takan yi, a shari'ar kisa, shi ne ta sauko da laifin zuwa kisa ba da niyya ba, wanda shi ma mataki na farko ne, kuma zagi kaɗai da wuya ya kai ga haka. Na biyu, "ba na cikin hayyacina". Abin da ka saya da kuɗinka ka haɗiya da hannunka ba ya zama maka kariya. Na uku shi ne wanda ya fi kama da gaskiya: "don kare kaina nake riƙewa". Doka ta yarda mutum ya kare kansa, amma daidai gwargwadon haɗarin da ke gabansa a wannan lokacin. In an mare ka, ka ruga gida ka ɗauko adda ka dawo, wannan ramuwa ce. In ya juya yana gudu ka bi shi ka sara a baya, likita zai rubuta inda raunin yake, kuma bayan mutum ba ya kawo hari. Wanda ma bai kai 18 ba kar ya ɗauka ya tsira: daga shekara 12 doka tana kama yaro da laifinsa, kuma gidan gyaran hali na yara, wanda iyayenmu ke kira Bosta, ga shi nan a maƙwabtanmu, ba sai an hau mota ba.

Duk wannan dokar mutane ce. Mu da muke cika masallaci ranar Juma'a mun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku suna tsine masa har sai ya sauke, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Nuni kawai, ba sara ba. Ya umarci mai wucewa da kibau a kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu kar su yanki wani. Ya kuma ce jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar ƙiyama. Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya haura shekara 100 yana jawo wa Musulmin ƙasar nan mutunci da haƙurinsa, har shugabanni suna zuwa Fadama gaishe shi, mu kuma muna zubar da mutuncin a bakin kwata saboda wani ya taka wa wani takalmi a wurin biki.

Iyayena da yayyena, ku yi mini haƙuri, akwai namu kason. Duk lokacin da muka sa manyan riguna muka je ofishin 'yan sanda roƙo a kan yaron da ya yi sara, ƙannensa suna kallo, kuma darasin da suke ɗauka shi ne akwai masu fito da mutum. Mukan manta wanda aka sara shi ma ɗanmu ne, yana kwance da ɗinki, an ba uwarsa fom ɗin 'yan sanda ta kai wa likita, ga kuɗin magani, sannan mu taru mu matsa mata ta yi haƙuri don zumunci. In ta ƙi, ita ce muguwa. Ba a hana sulhu ba, amma lokacinsa tun ana cacar baki ne, ran da aka ji yaran wannan bes da na wancan sun fara aika wa juna saƙo. A ranar ya kamata liman da sarki da manyan bes su kira su, ba sai an wanke jini daga titi ba.

Ke kuma Hajiya, da ke ƙanwata, in ya shigo da dare yana haki ya ba ki adda ki sa a ƙarƙashin gado, ko ya ce ki wanke masa riga, ko ki kai shi wurin 'yar'uwarki a Kumasi ya kwana biyu, ki sani ɓoye mai laifi shi ma laifi ne a sashe na 25, kuma 'yan sanda in sun zo ba su same shi ba, wanda suka tarar a ɗakin suke fara yi wa tambaya. Abin da zai amfane shi a daren shi ne a nemo lauya, in babu hali a je Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa don marasa ƙarfi, sannan wani babba ya raka shi ya miƙa kansa da safe. Alƙalai suna sa wannan a ma'auni wajen beli da wajen yanke hukunci, wanda aka kamo daga maɓoya kuma ya rasa wannan rangwamen.